Nissan Silvia: Motar Zuwa Zance da Ta Koma Motar Wasan Zamiya

A watan Janairun 2024 wata tsohuwar mota ƙirar Japan ta cika shekara 25 da fara fitowa, kuma daga wannan watan ne doka ta halatta wa Amurkawa su shigo da ita ƙasarsu su sa mata lamba. Sunanta Nissan Silvia, samfurin da ake kira S15. Dillalai sun daɗe suna jiran ranar. Wasu ma sun sayi motocin tun da sauran shekaru, suka ajiye su a Japan suna ƙirga watanni. Wanda ya ci karo da labarin a intanet yana iya ruɗewa: mota ce mai ƙofa biyu, injinta lita biyu kacal, kamfanin ya daina ƙera ta tun 2002, amma yau mai lafiya daga cikinta ta fi kuɗin da aka sayar da ita tana sabuwa dal. Kafin a gane dalilin tsadar, da dalilin da ya sa aka hana ta shiga Amurka tun farko, sai an san irin motar da wasan da ya ɗaga sunanta.

Jan baya, jan gaba, da abin da ake kira dirifti

Ƙarfin injin mota yana isa ƙasa ne ta tayoyi, amma ba kowace taya ke ja ba. A mota mai jan gaba, irin su Golf, Corolla ta yanzu da Peugeot 406, tayoyin gaba ne ke yin aiki biyu, su ja motar kuma su juya ta. A mai jan baya kuwa, injin yana gaba, farfela ta bi ta ƙarƙashin motar ta kai ƙarfin ga aksul na baya, tayoyin baya su tura, na gaba su ji da sitiyari kawai. Duk wanda ya tuƙa Peugeot 504 ko 505, waɗanda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, ya tuƙa mai jan baya. Idan ya taɓa taka totur da ƙarfi a kwana bayan ruwan sama ya ji bayan motar na neman wuce gabanta, to ya ɗanɗani abin da ake magana a kai.

Wannan zamewar da direba ke tsoro ita ce masu dirifti suka mayar wasa. Da gangan ake sa tayoyin baya su saki kwalta, motar ta shiga kwana a karkace, direba ya riƙe ta a haka tun daga bakin kwanar har ya fita. A aikace ga yadda kwana guda take kasancewa. Direba ya taho a giya ta uku, ya ɗan karkata sitiyari zuwa wajen kwanar sannan ya dawo da shi ciki da sauri, ya taka kuloci ya saki nan take ko ya ɗaga birkin hannu na ƙiftawar ido. Bayan motar ya fita. Daga nan sitiyarin yakan juya da kansa zuwa ɓangaren da bayan ya zame, direban ya sassauta hannu ya bar shi ya gudana, sannan ya cafke. Sauran aikin na ƙafar dama ne. Ya ƙara totur fiye da kima, motar ta juya ta kalli inda ta fito. Ya rage fiye da kima, tayoyin su kama ƙasa farat ɗaya su wurga shi ɗaya ɓangaren. Tayoyin baya sababbi suna iya ƙarewa cikin mintoci kaɗan.

Mai jan gaba ba ta iya wannan, domin tayoyin bayanta ba su da ƙarfin da za su ci gaba da murzawa. Ana iya sa ta zame da birkin hannu ko da gudu, amma ba a iya riƙe zamiyar da totur. Akwai kuma wani abu guda da ake bukata a aksul na baya, na'urar da ke sa tayoyin biyu su murza tare maimakon ɗaya ta yi ta juyawa a banza. Masu kuɗi suna sayen wadda aka ƙera don haka, marasa kuɗi su kai wa mai walda ya liƙe haƙoran wuri ɗaya.

Shekara ashirin ba tare da wani tashe ba

An fara nuna Silvia a baje kolin motoci na Tokyo a 1964, aka fara sayar da ita a 1965. Da hannu ake bubbuga bodinta, kuɗinta ya yi tsada, kuma guda 554 kaɗai aka ƙera kafin a tsaya a 1968. Sunan ya kwanta har 1975 lokacin da aka fito da S10, sai S110 a 1979, sai S12 a 1983. A Amurka ana sayar da su da sunan 200SX. Motoci ne masu kyan gani daidai gwargwado, amma ba su yi irin tashen da na bayansu suka yi ba. Abin da ya fi shafar Afirka a wannan zangon shi ne tseren daji: a 1988 Alain Ambrosino ya lashe tseren Kodebuwa, wanda ke cikin gasar duniya, da 200SX samfurin S12.

S13: an ƙera ta don samari masu zuwa zance

A ƙarshen shekarun 1980 kuɗi ya yi yawa a Japan. Farashin filaye da hannun jari yana ta hawa, matasa masu albashi suna sayen sababbin motoci, har aka sami wani rukuni na motoci da ake yi wa laƙabi da motar ɗaukar budurwa. Honda Prelude ce ke riƙe da wannan kasuwa. A watan Mayun 1988 Nissan ta fito da S13 don ta ƙwace ta, kuma ta ƙwace. Motar ta ci kyautar motar shekara ta Japan, aka sayar da kimanin 300,000 a cikin shekara biyar. Hatta sunayen matakanta daga katin karta aka ɗauko su: J's, Q's da K's, ta ƙarshen ita ce mai turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi.

A wannan lokacin kamfanoni suna ta mayar da ƙananan motocinsu jan gaba, domin ya fi arha wajen ƙira, ya fi barin fili a ciki, ya fi tsimin mai. Toyota ta mayar da Celica jan gaba a 1985. A 1987 ta daina ƙera AE86, ƙaramar Corolla mai jan baya wadda samari masu wasan mota a hanyoyin duwatsu ke ji da ita. Prelude kanta jan gaba ce. Nissan ta bar Silvia a jan baya, kuma ta sa mata sabon tsarin ƙafar baya mai hannuwa da yawa, wanda kowace taya ke motsi ita kaɗai, a daidai lokacin da injiniyoyinta suka ɗaura wa kansu burin zama na ɗaya a duniya wajen daɗin tuƙi kafin 1990. Injin farko mai turbo, CA18DET, lita 1.8 ne mai ƙarfin doki 175 a ma'aunin Japan. A 1991 aka maye gurbinsa da SR20DET, lita biyu, ƙarfin doki 205, a cikin mota da nauyinta bai wuce kilo 1,200 da wani abin kirki ba.

Ba wanda ya zauna a Nissan ya ce a ƙera motar zamiya. Hasali ma abin da kamfanin ya fi alfahari da shi a tallarsa, wato na'urar HICAS mai ɗan juya tayoyin baya don motar ta tsaya daram a kwana, shi ne abu na farko da masu dirifti ke cirewa su jefar, don yana sa su kasa sanin abin da bayan motar zai yi.

S13 tana da 'yar'uwa, 180SX, wadda ta fito a 1989. Ƙasansu ɗaya, injinsu ɗaya, sai dai 180SX bayanta yana ɗagawa gaba ɗaya kuma fitilunta na gaba suna buɗewa suna rufewa. A Turai ana kiranta 200SX. A Amurka 240SX ce, kuma a can an yi mata abin da masoyanta ba su yafe ba har yau: an hana ta turbo, aka sa mata injin lita 2.4 na dangin wanda ke cikin a-kori-kurar Nissan, mai ƙarfin doki 140, daga baya 155.

Daren kan dutse

Wasan ya girmi S13. Ana danganta salon ga Kunimitsu Takahashi, tsohon ɗan tseren babur da ya koma tseren mota, wanda a shekarun 1970 yake shiga kwana a karkace don kada ya rasa gudu a kan tayoyin wancan zamani. Wani saurayi mai suna Keiichi Tsuchiya ya kalle shi, ya tafi hanyoyin duwatsu yana kwaikwayo da dare. Waɗannan hanyoyi masu kwana-kwana Japanawa suna ce musu toge, kuma sun yi yawa a wurare irin su Gunma da Hakone. A 1987 aka fitar da bidiyon Tsuchiya yana zamiya da AE86 a kan hanyar jama'a. Bidiyon ya jawo masa dakatar da lasisin tserensa na wani lokaci, ya kuma jawo wa wasan dubban mabiya.

Abin da ya haɗa waɗannan mabiya da Silvia shi ne aljihu. A farkon shekarun 1990 tattalin arzikin Japan ya faɗi warwas. Ga kuma dokar duba lafiyar mota da ake kira shaken, wadda ake yi bayan shekara uku da sayen sabuwar mota, sannan duk bayan shekara biyu, kuma tana cin kuɗi. Mutane da yawa sun gwammace su rabu da mota da zarar ta fara tsufa. Sai kasuwar motocin hannu ta cika da S13 da 180SX a farashin da ɗalibi ko yaron gareji zai iya biya. Wanda ke koyon zamiya kuwa ba makawa sai ya daki ƙarfen gefen hanya. Yana bukatar motar da in ya fasa ba zai yi kuka ba, wadda kayanta ke zube a kowace bola.

Wani abu da ya faru a garejojin wancan lokacin ya nuna yadda lissafin yake. Mai 180SX idan ya fasa gaban motarsa, sai ya tarar fitilun nan masu buɗewa da injinansu sun yi tsada. Gaban Silvia ya fi arha, ya fi rashin nauyi, kuma yana zama daidai ba tare da wahala ba. Sai ya ɗaura shi. Motar da ta fito, gaba Silvia baya 180SX, aka raɗa mata suna Sileighty. Abin da aka fara don rashin kuɗi ya zama yayi, har a 1998 wani kamfanin gyaran motoci mai suna Kids Heart ya fito da sababbi kimanin guda 500.

Littattafan zane na Initial D, waɗanda Shuichi Shigeno ya fara a 1995, sun kai labarin toge gidajen da ba su taɓa jin sa ba. Jarumin labarin AE86 yake tuƙawa, amma Silvia da Sileighty suna ciki.

S14 da S15: ƙiba, rama, da rufe ƙofa

A watan Oktoban 1993 aka fito da S14. Ta fi ƙarfi, doki 220, ta fi kwanciya a hanya, amma ta yi faɗi. A Japan motar da faɗinta bai wuce milimita 1,700 ba tana rukunin ƙananan motoci masu lamba da ke farawa da 5. S14 ta kai 1,730, ta faɗa rukunin masu lamba 3. Tun 1989 an gyara dokar haraji ta koma duba girman inji, don haka faɗin bai ƙara wa mai motar wani harajin a-zo-a-gani ba. Amma a idon samari motar ta yi ƙiba, fuskarta kuma ta yi sanyi. Ciniki ya faɗi, ga shi kuma kasuwar motoci masu ƙofa biyu tana mutuwa gaba ɗaya, iyalai sun koma manyan motoci. A 1996 aka sake mata fuska mai kaifi. Har yau masu harkar a ko'ina a duniya da kalmomin Japananci suke bambance su: zenki ta farko, kouki ta baya.

S15 ta zo a Janairun 1999 a matsayin gyaran kuskure. Aka rage faɗinta zuwa 1,695, aka ƙara ƙarfin mai turbo, wato Spec-R, zuwa doki 250, aka ba ta giya shida. A Japan, Ostireliya da New Zealand kawai aka sayar da ita, dukkansu ƙasashe masu sitiyari a dama. Ba a ƙera ko ɗaya mai sitiyari a hagu ba.

Ta zo a mummunan lokaci. Nissan tana cikin bashi har wuya. A watan Maris na 1999 ta shiga ƙawance da Renault na Faransa, Carlos Ghosn, wanda Renault ta turo don ya farfaɗo da Nissan, ya zo da shirin rufe masana'antu da rage yawan samfura. Sannan sabuwar dokar hayaƙin mota ta Japan ta ba tsofaffin injina wa'adi. Gyara SR20DET don ya cika sharaɗin zai ci kuɗin da cinikin motar ba zai mayar ba. A watan Agustan 2002 aka daina ƙera Silvia. A wannan watan ne Skyline GT-R, Toyota Supra da Mazda RX-7 su ma suka tsaya, kusan duk saboda dalili ɗaya. Jimillar S15 da aka ƙera ba ta kai 50,000 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na S13.

Daga hanya zuwa fili

A daidai lokacin da motar ke mutuwa a masana'anta wasan yake samun rajista. Tsuchiya da Daijiro Inada, wanda ya kafa mujallar motoci ta Option, suka shirya gasar D1 Grand Prix, kuma zakaranta na farko a 2001, Nobuteru Taniguchi, da S15 ya ci. Bayansa Ryuji Miki, Yasuyuki Kazama, Masato Kawabata da Youichi Imamura duk sun ɗauki kofin da ita. A Amurka aka fara gasar Formula Drift a 2004, inda 240SX ta zama motar masu farawa. Fim ɗin Tokyo Drift na 2006 ya kai hoton wasan har gidajen kallo na ƙasashen da ba su da filin tsere ko ɗaya. A 2017 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta shirya gasarta ta farko ta dirifti a Tokyo.

Wannan gasa ba ta wanda ya riga isa ba ce. Alƙalai ne ke ba da maki, suna duba layin da mota ta bi, girman karkacewarta, gudunta, da salon direba. Ana fara da tanso, kowa shi kaɗai. Waɗanda suka tsallake su shiga tsuiso, motoci biyu a tare, ɗaya a gaba ɗaya na binta ƙofa da ƙofa cikin hayaƙin da ba ya barin mutum ya ga gabansa, sannan su yi musaya.

Motocin gasar yau suna kawai suka rage na Silvia. James Deane ɗan ƙasar Ayalan ya lashe Formula Drift sau uku a jere, 2017 zuwa 2019, da S15 mai ɗauke da injin Toyota 2JZ. Wasu injin V8 na Chevrolet suke sawa. Ƙarfin irin waɗannan motoci yana kaiwa doki dubu, kuma an sauya ƙafar gaba yadda taya za ta juya fiye da digiri 60. Abin da ake riƙewa shi ne ƙashin motar: tsawon da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, rabon nauyi, faɗin ɗakin inji, da kuma tarin ilimin da makanikai suka yi shekara talatin suna tarawa a kanta. Kayan S13, S14 da S15 da yawa suna shiga juna, birkin wasu motocin Nissan irin su Skyline da 300ZX ma yana zama.

Dokar shekara 25

Mutane da yawa suna ɗauka an haramta S15 a Amurka ne saboda gudu ko saboda dirifti. Ba haka ba ne. Dokar Amurka ta 1988 ta ce motar da ba a gwada ta bisa ƙa'idojin kariya na ƙasar ba, ba za a shigo da ita a hau titi ba sai ta cika shekara 25. Nissan ta daina sayar da 240SX a can a 1998, ba ta kuma kai S15 gwaji ba, don ba ta da niyyar sayar da ita a Amurka. Ana ƙirga shekarun daga watan da aka ƙera kowace mota, ba daga shekarar samfurin ba. Don haka a Janairun 2024 waɗanda aka fara ƙerawa ne kawai suka halatta, na ƙarshe kuwa sai Agustan 2027. Kanada tata dokar shekara 15 ce, shi ya sa ta riga Amurka samun S15 da shekara goma.

Masu goyon bayan dokar suna cewa ba daidai ba ne kamfani ya kashe maƙudan kuɗi wajen cika sharuɗɗan kariya, sannan wani ya shigo da motar da ba ta cika ba ta bayan fage. Masu suka suna cewa kamfanonin motoci da dillalansu ne suka matsa aka yi dokar don su kare cinikinsu daga masu shigo da motocin Turai da kansu. Suna kuma tambaya: ta yaya motar da ba ta da aminci tana shekara 24 za ta zama mai aminci da ta ƙara shekara ɗaya? Amsar da ake ba su ita ce, bayan shekara 25 motar ta zama ta masu sha'awa, ba ta da yawan da zai shafi lafiyar jama'a.

Masu adanawa da masu murzawa

Akwai wani saɓanin a tsakanin masoyan motar su kansu. Wasan da ya ɗaga sunan Silvia shi ne ya cinye ta. An fasa da yawa, an yanke bodin wasu, an yi wa wasu walda, tsatsa ta ci saura. Wadda ba a taɓa ba ta yi wuyar samu, kuɗinta ya hau, har masu harkar a Amurka suna kiran wannan ƙarin da harajin dirifti. Masu adanawa suna ganin duk wanda ya kai S15 mai lafiya fili ya murza, ya lalata abin da ba za a sake ƙerawa ba. Masu murzawa suna cewa ba don su ba, da tuni an manta da motar kamar yadda aka manta da S110, kuma 'yan kasuwa ne suka raba talaka da ita.

Ko wane ɓangare mutum ya bi, sakamakon a bayyane yake. Saurayin da ke son koyo a Japan ko Amurka yau ba ya fara da Silvia. Yana neman Nissan 350Z, BMW E36 ko E46, Mazda MX-5, ko Toyota 86 wadda ta fito a 2012 don ta cike gurbin da aka bari. Masu tsofaffin motocin wasanni a Japan kuma suna fama da ɓarayi, tun da kasuwar waje ta buɗe.

Abin da ya shafi mai karatu a nan

Silvia ba motar titunanmu ba ce, kuma da wuya ta zama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa dama can haka take. Dokokin hanya na Nijeriya ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba, S15 kuma ba ta da wani iri sai shi. Mayar da sitiyari hagu a gareji aiki ne da in ba a yi shi da kyau ba yake taɓa birki da sitiyarin kansa, su ne kuwa abubuwa biyu da rai ya rataya a kansu. Sannan dokokin shigo da mota a Afirka kishiyar ta Amurka ce. Can ana son motar ta tsufa kafin ta shigo, nan ana hana tsohuwa. Kenya, wadda sitiyarinta a dama yake kuma take sayen motocin hannu daga Japan, ba ta karɓar wadda ta wuce shekara takwas. Nijeriya ma tana da iyakar shekaru, wadda ko autar Silvia ta daɗe da wucewa. Masu sitiyari a hagu a dangin su ne 240SX ta Amurka da 200SX ta Turai, su ma sun tsufa kuma sun yi tsada.

Wasan dai ya iso ba tare da motar ba. Masu wasan mota a Abuja, Kaduna da Kano tsofaffin BMW da Marsandi suka fi amfani da su, kuma dalilinsu shi ne dalilin samarin Gunma: jan baya ne, ana samun su da rangwame, kayansu suna kasuwa. A Afirka ta Kudu ma BMW 325i ce uwar wasan juyi na unguwannin Soweto, wanda daga baya aka amince da shi a matsayin wasan mota mai ƙa'ida. A Saudiyya akwai tafhid, wanda ake yi da gudu mai tsanani a kan babbar hanya, yawanci da motoci masu jan gaba irin su Camry, kuma ya ci rayuka da yawa. A 2016 hukumomin ƙasar suka ɗaga tarar karon farko zuwa riyal 20,000.

Ƙasashe sun bi hanyoyi biyu da wannan matsala. Wasu sun dogara da kame da tara kaɗai. Japan ta haɗa biyu, ta tsananta sintiri a hanyoyin duwatsu, a gefe guda kuma filaye masu zaman kansu irin su Ebisu a lardin Fukushima suka buɗe ƙofa ga duk wanda zai biya kuɗin shiga ya sa hular kwano. Masu goyon bayan hanya ta biyu suna cewa matashin da ke da wurin zuwa ba zai tare titi ba. Masu shakka suna cewa fili ba ya hana mai son burge jama'a yin abinsa a gaban gidan biki. Bambancin da ba a jayayya a kansa shi ne inda 'yan kallo suke tsayawa. A fili akwai shinge tsakaninsu da motar. A wasan motar biki yara ne ke zagaye da ita, wasu da waya a hannu suna matsowa don su ɗauki bidiyo, kuma motar da bayanta ya ƙwace ba ta bukatar gudu mai yawa kafin ta kashe mutum.

Ko za a sake ƙera ta?

A baje kolin Tokyo na 2013 Nissan ta nuna wata ƙaramar mota mai jan baya mai suna IDx. Jama'a suka yi ta murna, amma ba a ƙera ta ba. Ivan Espinosa, wanda ya zama shugaban kamfanin a Afrilun 2025, ya taɓa faɗa wa 'yan jarida cewa yana son ganin Silvia ta dawo. Sai dai ya karɓi kamfanin ne yana tafka asara, yana rufe masana'antu yana rage ma'aikata, yanayi mai kama da na 1999. Ƙaramar mota mai jan baya tana bukatar ƙashi nata na daban, wanda ba za a raba kuɗinsa da motocin iyali masu jan gaba ba. Toyota ma sai da ta haɗa hannu da Subaru kafin ta iya fito da 86, ta kuma haɗa da BMW kafin ta dawo da Supra a 2019.